Lalitar Maman Marvel

Idan ka shiga kasuwar kifi ta Kado ka bi layin masu tarwaɗa har ƙarshe, za ka tarar da wata gajeruwar mata mai wushirya tana farke cikin kifi tana gardama da rediyo. Ita ce Serah, amma Maman Marvel kowa ke ce mata. Rumfar da ke manne da tata tawa ce. Ni ce Halimat, mutuniyar Keffi, shekara ashirin da biyu ke nan muna zaune kafaɗa da kafaɗa muna ƙwace wa juna masu saye. Bana ta cika shekara bakwai da tiyatar da aka yi mata ta ciwon dajin hanji, kuma har yau in ta ɗaga murya sai an jiyo ta a bakin titi. Da na ce mata zan ba da labarinta, cewa ta yi in bayar, amma in na rage nawa laifin a ciki Allah yana gani. To, ba zan rage ba.

A wani ƙauye kusa da Pankshin aka haife ta. Mijinta Leonard ta biyo zuwa Abuja, direba ne a wata ma'aikatar tarayya, suka zauna a Kubwa tun ba ta cika haka ba. Ta fara da gasa masara a bakin tasha, hayaƙi ya kore ta, ta koma wanke wa wata mata kifi, daga nan ta kama rumfar kanta. Kullum kafin ƙarfe shida ta bar gida, don in ka bari rana ta fito maka a hanyar Kubwa sai dai Azahar ta riske ka a cikin bas. Hausarta irin ta mutanen Filato ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Tun zuwanta take nuna ni tana ce wa mutane wannan Hajiya shi ne matsalarta a duniya. Na gyara mata har na gaji na bari.

Abin alfaharin Serah hannunta ne. Kafin mai saye ya gama amsa waya ta buge tarwaɗa, ta murje santsin da gishiri, ta farke, ta yayyanka, ta ƙulle a leda. Manyan matan ma'aikatu sukan zo ranar Asabar da direbobinsu, su wuce rumfata sai ka ce ba mutum a ciki, su ce su fa Madam Serah ce kaɗai za ta taɓa musu kifi saboda tsaftarta. Wannan magana tana ƙona min rai ba kaɗan ba, tunda ni aka sani da ƙyanƙyami a layin nan. Kofina daban yake, ko maigidana ne ya sha ruwa da shi sai na wanke sau biyu.

Muna da wata al'ada mu huɗu: ni, da Serah, da Alice mai kifin banda, wadda in ka gaya mata magana da safe kafin La'asar an ji ta a Nyanya, da kuma Hajiya Rekiya mutuniyar Okene mai kifin katan, wadda sai ta yini ba ta yi magana goma ba. Ƙarfe biyu na rana muke haɗuwa a bayan firizar Rekiya mu ci abinci a tire ɗaya, da hannu, ba cokali. Kowa da ranar da take kawowa. A wurinmu cin nan ya wuce cika ciki, shi ne shaidar cewa ka yarda da mutum. Ni sai da na shekara ina kallon farcen kowace kafin na sa hannuna. Wanda ba ya zaman kasuwa ba zai gane ba, amma mace ta janye hannunta daga tire, ya fi zagi ciwo.

Ciwon ya fara ne da jini a bayan gida. Ta faɗa mana a wurin cin abinci, mu kuwa likitocin layin tarwaɗa nan take muka yanke hukunci: basir ne. Wa ba shi da basir a ƙasar nan? Alice ta ce zaman benci ne, Rekiya ta ce shan zaƙi ne. Akwai wani mai mota da lasifika da ke tsayawa a bakin kasuwa yana lissafa cututtuka arba'in da gora ɗaya ke kashewa, Serah ta sha nasa har ya san sunan 'ya'yanta. Ni ma da kaina na je Keffi na ɗauro mata saiwoyi daga wurin wani tsoho, na ce ta jiƙa da jar kanwa. Ta jiƙa, ta sha, ta yi min godiya. Wata goma sha huɗu muna wannan shirme, zaninta yana ƙara zagaye ta, idanunta suna faɗawa, mu kuma muna ce mata basir ɗin ne yake fita. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji kunya ta rufe ni.

'Yarta Marvel ce ta raba gardama. Tana koyarwa a wata makaranta a Orozo, ta zo hutu ta ga uwarta ta kasa ɗaga bahon kifi. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta sa ta a mota sai asibiti. Aka zura mata wata siririyar roba mai kyamara ta ƙasa, aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Da aka nuna wa Serah hoton cikinta, cewa ta yi ita ba ta ga abin mamaki ba, duk ɗaya ne da cikin tarwaɗa. Bayan mako biyu sakamako ya fito. Ciwon daji ne a ƙarshen babban hanji, dab da mafita.

Da labari ya iso kasuwa sai likitocin nan suka sake zama. Yanzu kuma bakinsu ɗaya: kada ta kuskura ta bari wuƙa ta taɓa shi, daji in ya ji ƙarfe watsuwa yake yi. Kowa da wanda ya sani da aka yanka bai tashi ba. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko a wane hali mutumin ya je asibitin. Ni a wannan karon na ja bakina na yi shiru, don na riga na ba da tawa gudummawar ta ishe ni.

Likitan tiyatar, Dokta Fu'ad, matashi ne mai sanyin magana. Marvel ce ta ba ni labarin zaman da suka yi da shi. Ya ce hoton da aka ɗauka ya nuna ciwon bai kai hanta ba, bai kai huhu ba, kuma wannan ita ce sa'arta. Za a fara da gasa ciwon da na'ura da kuma maganin kemo don ya ƙanƙance, sannan a shiga a cire. Serah ta ce ya miƙo hannuwansa ta gani. Ya miƙo. Ta juya su, ta duba farce, ta ce ita ma da wuƙa take ci, don haka ya gaya mata yadda yake yanka. Ya ce ba daidai wurin da ya lalace kawai ake cirewa ba, ana haɗawa da lafiyayyen nama a gefe da gefe, da 'yan kaluluwar da ke kewaye, don kada a bar saura. Ta gyaɗa kai ta ce haka ake yi, wannan yaro ya san aiki. Leonard ya tambaya ko gaskiya ne ƙarfe yana watsa ciwon. Likita ya ce rai a hannun Allah yake, amma waɗanda suka zo a irin matakinta suka yarda aka yi aiki, da yawansu yana ganinsu bayan shekaru suna kawo masa katin bikin 'ya'yansu. Waɗanda suka gudu suka dawo bayan shekara, su ne yake rasa abin da zai yi musu.

Sai ya zo kan mai wuyar. Tunda ciwon ya sauka ƙasa sosai, dole a cire har da mafitar, a ɗinke wurin. Za a buɗe mata sabuwar ƙofa a ciki, gefen hagu na cibiya, ta riƙa ɗaura jaka da bayan gida zai riƙa zuba a ciki. Ba na wata shida ba, na har abada. Marvel ta ce uwarta ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ba ta tambayi mutuwa ba, ba ta tambayi zafi ba. Abu ɗaya ta ce:

"Likita, to wa zai ƙara cin abin da hannuna ya taɓa?"

A daren jajibirin aikin ta sa Leonard da Marvel suka dafa Littafi Mai Tsarki cewa maganar jaka ba za ta fita daga bakinsu ba. Mu dai abin da muka sani shi ne an yi tiyata ta wajen awa biyar, an fito lafiya. Muka je dubiya da kuloli cike da farfesu, aka ce ba ta fara cin abinci ba tukuna, Leonard ya zauna a baranda ya share su tas yana cewa tashin hankali ne ke sa shi yunwa. Serah tana kwance da bargo har wuya, tana yi mana tsiya wai mun bar mata rumfa ƙuda na wasa.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata malamar makaranta, Kindness, ba ta kai arba'in ba. Ciwonsu iri ɗaya, ita ma da sunan basir ta sha magani, sai dai ita shekara uku ta yi, kafin ta zo ya riga ya kama hanta. Su biyun sun saba sosai, har Serah tana koya mata yadda ake gane kifin da ya kwana. Kindness ba ta ga Kirsimetin shekarar da ta biyo baya ba. Serah ba ta cika kuka ba, amma ranar da aka bugo mata waya ta rufe rumfa tun da rana. Ita kuwa ta ci gaba da zuwa asibiti, da farko duk wata uku a ɗebi jini, daga baya duk wata shida, lokaci lokaci a yi hoto a leƙa da kyamara. Da ta cika shekara biyar ba a ga komai ba, Dokta Fu'ad ya ce ta riƙa zuwa sau ɗaya a shekara. Don murna ta kai masa tarwaɗa mai rai a bokiti har ofis, kifin ya yi tsalle ya faɗo a tsakiyar masu jiran layi, nas biyu suka hau benci. Amma na yi gaba, bari in koma baya.

Wata biyar bayan tiyata ta dawo kasuwa. Ta rame amma bakin nan yana nan. Kowace mace a kasuwar nan tana ɗaura lalita a ƙugu, ƙarƙashin zani, to Serah sai ta yi dabara. Jakar asibitin kashi biyu ce, akwai faifan da ke manne da fata, akwai ledar da ake ɗanawa a kansa kamar murfin roba. Ta samu ragowar atamfa ta ɗinka wa ledar riga mai zif da igiya, sak lalita. Kowane zani da tasa, har da ta zuwa coci. Duk wanda ya ga tudu a gefen hagunta sai ya ce ciniki ne. Da yake abin yakan cika wajen tsakar rana, Alice ta baza cewa Maman Marvel tunda ta dawo kasuwa ta buɗe mata, kafin Azahar lalitarta ta yi ƙiba.

Jakar kuma ba ta da kunya, takan yi ƙara lokacin da ta ga dama. In ta yi, sai Serah ta harari bahon tarwaɗa ta daka musu tsawa wai su yi wa mutane shiru. Da ta ga tarwaɗa sun gaji da ɗaukar laifi sai ta sayi rediyo. Ni ina gefe ina jin duk wannan, ko sau ɗaya ban kawo komai a raina ba.

Abin da na kawo a raina daban ne. Ranar da ta dawo, ƙarfe biyu ta yi, muka ajiye tire, Serah ta ce mu ci kawai, likita ya sa mata doka. Ta ɗauki 'yar kularta ta koma lungun rumfarta ta juya mana baya. Ranar girkinta kuma sai ta aika a sayo mana a buka. Muka ce to, mai ciwo ce. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ta fara sa safar hannu ta leda in za ta taɓa kifi, tana wanke hannu har fatar ta yi fari. Wata rana na leƙa kular nan, me zan gani? Gwaten acca ne da soyayyen kifi, irin wanda ta shekara goma sha tana kawo mana. Wace doka ce ta hana a ci gwate a tire ta yarda a ci a kula?

Alice ce ta kawo fassara. Ta ce ai a bayyane yake, Serah tana zargin a cikinmu wata ta ba ta ciwon nan a abinci. Rekiya ta ce a'uzubillahi. Ni kuwa nan take na tuna saiwoyin Keffi, na ce shi ke nan, ni ake nufi. Zuciya ta ɗebe ni. Ni Halimat, da na bar rumfata na shiga mota don in nemo mata magani, ni ce mayya? Ban tambaye ta ba, don in ina fushi ba na tambaya. Na ɗauke mata wuta. Gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. In mai saye ya zo nemanta ba ta nan, sai in ce ban san inda take ba, alhali na ga shigarta banɗaki. Ta yi ta jana da wasa, ina yi mata kunnen uwar shegu. Wata goma sha ɗaya muka yi a haka, rumfa manne da rumfa.

Ranar da asiri ya tonu Asabar ce, jajibirin Ista. Kasuwa ta cika har ba wurin ajiye ƙafa, layin Serah ya kai bakin rumfar Alice. Wani ƙato cikin farar shadda, da hula a karkace kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya daɗe yana taya kifi bai saya ba. Ashe maganar lalita mai ƙiba ta kai kunnen da bai kamata ba. Serah ta sunkuya za ta kamo tarwaɗa a baho, gefen zaninta ya buɗe, mutumin ya sa reza ya tsinke igiya ya fizge. Ledar ta ɓalle daga faifanta ta bi rigarta. Na ga Serah ta jawo wani ƙyalle ta dafe ciki da hannu biyu ta durƙusa. Alice ce ta kwarma ihun ɓarawo.

Bai yi nisa ba. Ya shige tsakanin motocin sanyi biyu, kuma da yake ɗan hanzari ne, ya zuge zif ya cusa hannu tun kafin ya tsira. 'Yan dako da suka je kamo shi sun ce ba su sha wahala ba, a tsaye suka same shi ya miƙe hannu nesa da jikinsa yana salati. Haka suka taso ƙeyarsa har gabanmu, farar shaddar nan ta tashi daga aiki. Kasuwar kifi ce fa, hancinmu ya daɗe da mutuwa, amma ranar sai da ya farfaɗo. Mutumin yana rantsuwa wai shekararsa goma sha biyu a wannan sana'a bai taɓa gamuwa da irin wannan zalunci ba.

Aka fara dariya, sai wani daga baya ya ce a dakata. Me zai sa mace ta ɗaura ƙazanta a ƙugu tana sayar da abinci, in ba asirin kiran kasuwa ba? Tirƙashi. Maganar ta kama kamar wutar kara. Wata ta ce dama ta daɗe tana mamakin layin nan da ba ya ƙarewa. Wani ya ce a kira shugabannin kasuwa. Aka manta da ɓarawo, ido ya koma kan Serah da ke durƙushe. Na ga Alice ta buɗe baki, na watsa mata harara ta rufe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Serah ta miƙe a hankali, ta yage safar hannun ledar ta yar. Ta ɗaga gefen rigarta, ta janye ƙyallen da ta danne wurin da shi. Ga faifan a manne, ga ɗan jan nama a tsakiya, ga tabon ɗinki ya sauka daga cibiya. Ta dubi jama'a ta ce:

"Ba asiri ba ne. Daji na yi a hanji, likita ya yanke, ya rufe hanyar da Allah ya ba kowa ya buɗe min wannan. Kowa a nan yana yawo da nasa a ciki, ni nawa a jaka yake. Shi ke nan abin da nake ɓoyewa."

Ta juya ga 'yan dakon da suka riga suka ɗauko katako, ta ce su saki ɓarawon, abin da ya samu ya ishe shi. Aka yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu. Ɓarawo ya bi ta bayan kasuwa hannu a sama. Wanda ya kawo maganar asiri ya sulale. Mutane suka fara cewa sannu, Allah ya ƙara lafiya, ikon Allah, suna faɗa suna ja da baya. Ina kallo layin nan ya narke. Wata madam da aka riga aka yanka wa kifi ta tuna ta bar abu a mota, ba ta dawo ba. Wata ta tsallako rumfata ta ce in auna mata kilo biyu. Shekara da shekaru ina addu'ar masu sayen Serah su dawo wurina, ranar da suka zo na ce mata kifina ba na sayarwa ba ne.

Serah ta ɗauki jakar hannunta ta tafi banɗaki, ashe kullum da sabuwar leda take yawo. Da ta dawo ta tsaya a bakin famfo ta wanke hannu da sabulu sau uku, ina ƙirgawa. Sannan ta shiga rumfa ta fara naɗe wuƙaƙenta a tsumma, ta kife bahon da ba kifi, ta cire wayar rediyo. Ba irin shirin wanda zai dawo Litinin ba ne. Na tsaya a bakin rumfarta, karo na farko cikin wata goma sha ɗaya, na ce Maman Marvel, me ya hana ki gaya min?

"Ke fa, Hajiya? Ke da in ƙuda ya sauka a tire sai ki tashi?"

Gaskiya ta faɗa. Ashe duk watannin nan da nake cika ina batsewa, ita tsoron fuskata take yi. Ta gwammace in ɗauke ta maƙiyiya da ta ga na yamutsa hanci. Abin ya yi min ciwo, kuma abin da ya fi ciwon shi ne, a daidai lokacin ma ƙyanƙyamin nake ji. Abin da na gani a hannun ɓarawon nan bai bar idona ba. Na so a ce ni wata ce daban, mai faɗin zuciya, amma ni ce dai Halimat.

Ƙarfe biyu ta yi. Rekiya ta fito da tire ta ajiye a bayan firiza, ranar girkinta ce, shinkafa da miya. Ba wadda ta zauna. Na shiga lungun Serah na ɗauko kularta, ta ce in ajiye mata kayanta, na ce ta zo ta ƙwata. Na juye gwaten a gefen shinkafar, soyayyar karfasa ta faɗo a kai. Na kamo hannunta na zaunar da ita a kan katan, na zauna kusa da ita, na ce idona ya fara rauni, ba na ganin ƙaya, ta cire min. Ƙarya nake, idona ras yake, kuma ta sani.

Ta ce bari ta nemo safar hannu, na ce in ta tashi daga nan ni da ita har abada. Sai ta sa yatsu a kifin. Hannun da ke gyara tarwaɗa kafin a gama waya, ranar ƙaya ɗaya sai ta kama sau biyu. Ta ɓare tsoka za ta ajiye a bakin tire, na tare da tafina. Na ɗebi gwate na haɗa, na yi bisimilla na kai baki.

Ba zan yi ƙarya ba, lomar nan ta tsaya min a maƙogwaro. Idona ya kawo ruwa. Serah ta kafe ni da ido, Alice ta kafe ni, 'yan dako biyu da wasu masu saye da suka rage sun tsaya suna kallo. Na ce a raina, Halimat, in kika dawo da lomar nan kin kashe matar da daji bai kashe ba. Na runtse ido na haɗiye.

Rekiya ta wanke hannu ta zauna, ta tsallake shinkafarta ta ɗebi gwate. Alice ta zauna ita ma tana cewa dama ita tun farko ta san ba zargin kowa ake yi ba. Serah ba ta kalle su ba, ni take kallo.

"Hajiya, ya wuce?"

"Ya wuce. Ƙaro min."

Ta sunkuyar da kai tana cire ƙaya, hawaye yana ɗiga a zaninta, ni kuma na miƙa tafina ina jira.